Takardar Ƙirga

Sun miƙo mini biro da takarda mai layi-layi,
don ni ce malamar aji uku, hannuna na da kyau.
Suka ce: Malama Bakoly, ƙirga mana.

Na ƙirga.
Gida ɗari da goma sha bakwai babu rufi.
Gawa tara,
in ba a sa jaririn Lalao ba,
wanda bai kai ga samun suna ba.
Har yau ban san layin da zan kwantar da shi ba.

Gidan rediyo ya yi gargaɗi, ba zan ci haƙƙinsa ba.
Ya ce kowa ya hau tudu.
Wane tudu?
Mu nan gaɓar Madagaska teku ce gabanmu, kogi a baya.
Iska ta zo tsakar dare tana gurnani,
ta yaye kwanon makaranta kamar mai yaye zane,
ruwa ya biyo sawunta bai yi sallama ba.

Kwana uku ba mu ga kowa ba.
Fenosoa masunci da tsohon kwalekwalensa,
shi ne gwamna, shi ne motar asibiti.
Ya sauko da mutum talatin daga kan bishiyoyi
har tafin hannunsa ya saɓule,
har kwalekwalen ya tsage a gindin gada.

Rana ta huɗu jirgi mai saukar ungulu ya iso,
iskarsa ta watsar da 'yan tsummokaran da muka shanya.
Wakilin gwamnati ya sauko da takalmin roba sabo fil.
Ya kama kunnen buhu,
ya ce tsohuwa Razafy ta kama ɗayan.
Aka ɗauki hoto.
Aka sake, wai ta ƙifta ido.

Shinkafa ce a ciki.
Mu da muke noma ta tun kaka da kakanni,
ga ta ta tsallako teku
da rubutun da ni malama na kasa karantawa.
Mun ci. Yunwa ba ta san girman kai ba.

Ba zan manta da likitar nan ba,
wadda harshena ya kasa juya sunanta.
Sauro ya yi mata kaca-kaca,
ta ɗinke ƙafar Tojo da fitilar waya,
ta yi kuka a bayan tanti, tana zaton ba mai gani.
Kwana goma sha ɗaya. Sannan ta tafi.
Baƙo raɓa ne.

An ce a wani birni mai nisa
manyan ƙasashe sun zauna, sun ambaci miliyoyi.
Razafy ta karkato kunne ta ce:
Malama, miliyan nawa ne kwano ɗaya?
Na ce ban kai nan a lissafi ba.
Wata biyar ke nan, tana kwana ƙarƙashin shuɗiyar leda,
in an yi ruwa ta zauna ta rungume gwiwa.

Takardar ba ta da gurbin kanumfari.
Bishiya arba'in kakana ya dasa,
duk sun kwanta fuska ɗaya kamar an tsawata musu.
Wanda aka dasa yau sai ya shekara bakwai kafin ya ba ka ƙwaya.
Wa zai jira mu shekara bakwai?

Fenosoa ya je karɓar diyya.
Suka ce ya kawo shaidar mallakar jirgi.
Ya nuna musu teku, ya ce tana can.
Jiya na gan shi yana sassaƙar wani kututture
da guntun gatarinsa.

Mun koma karatu a gindin mangwaron da ya tsira.
Yara ashirin da shida, da can talatin ne.
Na rubuta lissafin ɗebewa a jikin ƙyauren da ruwa ya kawo.
Ban gama tambaya ba
duk suka ɗaga hannu.